Darasi na Bakwai: Hob da Birkin Faifai a Kekunan Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya bi hanyar Haɗejiya zuwa Auyo ko Kiri Kasamma da sassafe ya san keke yana nan da ransa a wannan ƙasa. Da shi ake kai buhun shanshera injin casa, da shi ake ɗauko ciyawar dabbobi daga fadama, da shi ɗan makaranta da malaminsa ke isa aji. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, magidanta da yawa sun jingine babur sun koma feda. Sai dai kekunan da ke kan hanya yanzu iri biyu ne. Akwai baƙin keken da muka gada, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, masu birkin sandar ƙarfe da ke kama rim. Akwai kuma sababbin shigowa, yawancinsu na gwanjo, masu giya da birkin faifai, wato wani siririn faifan ƙarfe da ke ɗaure a tsakiyar ƙafa, takalman birki biyu na matse shi. Ƙorafin masu irin wannan keke kusan ɗaya ne: birki yana gogawa, ƙafa ba ta sakewa, ana tafe ana jin shi-shi-shi kamar ana wasa wuƙa. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, a ƙasa mai yashi da ruwa irin tamu, wanda ya ji wannan ƙara ya fara duba hob, wato bututun tsakiyar ƙafa, kafin ya taɓa birki, domin sau da yawa birkin ƙara kawai yake kawowa, mai laifin yana cikin hob.

Dalilin farko yana cikin ƙasar kanta. Sunan jiharmu daga jigawa ya fito, tuddan rairayin da suka shimfiɗu ko'ina a arewa da gabashinta, kuma a tsakanin waɗannan tuddai ne kogin Haɗejiya ya ratsa ya bazu cikin fadamu har zuwa dausayin Nguru. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwan ke sauka, kachalla kuma ta toshe magudanai da yawa, har ruwa ya riƙa neman hanya ta gonaki da turbobin da mutane ke bi. A ambaliyar 2020 da ta 2022 mutanen Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, hanyoyin ƙauyuka da dama kuma sun nutse na makonni. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, mai keke a Guri ko Kafin Hausa yakan tsallaka ruwan da ya kai gwiwa tsakanin Agusta da Oktoba, manomin rani a yankin Auyo kuma yana cikin taɓo har da bazara. Da hunturu ya shigo sai ƙura ta karɓi aiki. Ruwa, laka, rairayi: babu abin da hob ya tsana kamar waɗannan uku, kuma babu watan da keken Haɗejiya ba ya haɗuwa da ɗaya daga cikinsu.

Hob shi ne bututun nan na tsakiyar ƙafa wanda wayoyin ƙafa ke fitowa daga jikinsa zuwa rim. A cikinsa aksul yake, sandar ƙarfen da ake ɗaure wa jikin keke da noti. Aksul ba ya juyawa; hob ne ke juyawa a kansa. Abin da ke raba su shi ne ƙwayoyin boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu santsi, waɗanda ke zaune a kowane gefe cikin wani ɗan kwano da ke manne a jikin hob, sannan wani noti mai tsinin kai kamar mazurari, wanda masu gyara ke kira kon, ya danne su daga waje. Bayan kon akwai washa, bayanta kuma notin kulle wanda ke hana kon motsawa daga inda aka ajiye shi. A yawancin kekuna ƙafar gaba tana da ƙwaya 10 a kowane gefe masu girman inci 3/16, ƙafar baya kuma ƙwaya 9 a kowane gefe masu girman inci 1/4. Nauyin mutum da na kayansa duka a kan waɗannan 'yan ƙwayoyi yake sauka. Mai ɗebo jarka 4 masu cin lita 25 ya ɗora wa ƙafar baya kilo 100 bayan nauyin jikinsa, kuma a kowane lokaci ƙwayoyi kaɗan ne daga cikin 18 ɗin ke ɗauke da mafi yawan wannan kaya. Abin da ke tsare su daga cin juna shi ne giris, ba wani abu ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma hob irin wannan da tsagarsa aka ƙera shi, domin dole a bar 'yar rata tsakanin abin da ke juyawa da abin da ke tsaye. Ta nan ruwa ke shiga idan aka nutsa ƙafa. Ruwan yana tsinka giris, yana barin tsatsa, ya kuma shigo da lallausan yashi wanda ke cakuɗuwa da sauran giris ɗin ya zama kamar garin wasa wuƙa. Kowane juyi yana ɗan zaftare kon da ƙwayoyi, har rata ta buɗe, ƙafa ta fara girgiɗi. A baƙin keke wannan girgiɗi yakan daɗe ba a lura da shi ba, saboda takalmin birkinsa yana nesa da rim. Birkin faifai ba shi da wannan haƙuri. Ratar da ke tsakanin faifai da kowane takalmi ba ta kai rabin milimita ba. Ku yi lissafin da kanku: ƙafa mai inci 26 tana da kimanin santimita 33 daga aksul zuwa bakin taya, faifai mai faɗin milimita 160 kuma bakinsa yana santimita 8 daga aksul, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wancan nisa. Idan taya tana kaɗawa milimita 2 gefe da gefe, bakin faifan yana kaɗawa kusan rabin milimita, kuma wannan ya riga ya cinye ratar gaba ɗaya. Girgiɗin da ido ba zai gani ba ya isa ya sa birki kuka. Shi ya sa wanda ya saita birki a kan hob mai girgiɗi yakan ga komai daidai a rumfar gyara, da ya hau ya karya kwana ɗaya sai ƙarar ta dawo.

Don haka bincike yana da tsari, kuma ba ya cin minti biyar. Ɗaga keke ko ka kifa shi a kan sirdi da kai. Fara da tabbatar da cewa aksul ya zauna sosai a gurbinsa a ɓangarorin biyu, domin yawan cire ƙafa a wurin mai faci yakan sa a mayar da ita a karkace. Sassauta notin, ka tsayar da keke a ƙasa, ka danna shi da nauyinka, sannan ka ɗaure. Bayan haka riƙe taya da hannu ɗaya, fok ko firam da ɗaya, ka tura ta hagu da dama. In ka ji ƙwas-ƙwas a tafin hannunka, komai ƙanƙantarsa, hob ne. Sannan juya ƙafar ka kasa kunne. Gurnani mai kauri wanda kake ji har a ƙarfen da ka riƙe, na ƙwayoyin da suka bushe ne. Gogawar da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyi, ta tafi ta dawo, alamar faifai ya lanƙwashe ce. Gogawar da ba ta yankewa kuwa tana nuna kan birkin ya karkata gefe guda. Wadda ba ta fitowa sai an hau ko an karya kwana, ita ce ta hob ko ta notin da bai ɗauru ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowace ƙara tana da gidan da ta fito.

Buɗe hob aiki ne da duk mai natsuwa zai iya. Ana buƙatar siririyar sifanar kon, galibi lamba 13 ga ƙafar gaba da 15 ga ta baya, da sifana ta 17 don notin kulle, da kananzir, da tsumma mai tsabta, da giris, da faranti ko murfin kwano. A shimfiɗa buhu ko tabarma tukuna. Ƙwayar da ta faɗa cikin rairayin tsakar gida ta tafi ke nan. Idan ƙafar mai faifai ce, a kwance faifan a ajiye shi nesa, don kada ko ɗigon maiƙo ya taɓa shi. A kwance gefe ɗaya kawai, na hagu, a bar kon da notin kulle na dama a ɗaure yadda suke, domin su ne ke riƙe da ma'aunin tsakiyar aksul. A jera abin da aka cire bi da bi: noti, washa, kon. A zare aksul a hankali a kan faranti, a ƙirga ƙwayoyin kowane gefe kafin a wanke su. A ƙafar baya firiwil yakan rufe kwanon dama, kuma cire shi yana son ƙarfensa na musamman, wanda ake samu wurin masu gyara. Bayan wanki da kananzir, a goge komai ya bushe, a kai kon wurin haske a duba zoben da ƙwayoyi ke bi. Lafiyayyen kon yana da siririn layi mai sheƙi, sumul. Wanda ya ci yana da ramuka kamar zanzana, kuma in ka bi layin da bakin biro za ka ji yana tuntuɓe. Irin wannan kon ba shi da magani sai sauyi. A mirgina aksul a kan gilashi ko tebur mai santsi. In yana tsalle, kaya sun lanƙwasa shi. Ƙwayoyi kuwa a sauya su gaba ɗaya, domin sabuwa ɗaya cikin tsofaffi ita kaɗai za ta ɗauki nauyi, ta kuma huda kon.

Wurin haɗawa ne gwani ke bambanta da mai koyo. A cika kwano da giris har ƙwayoyi su zauna a ciki ba tare da sun zubo ba, a jera su daidai adadin da aka cire. Za a ga kamar akwai gurbin ƙarin ɗaya. A bar shi, wannan rata ce ke ba su damar mirginawa. A mayar da aksul, a murza kon da yatsu har ya taɓa ƙwayoyi, a dawo da shi baya kaɗan, sannan a riƙe shi da siririyar sifana a ɗaure notin kulle a kansa da ƙarfi. Abin da ake nema shi ne aksul ya juya tsakanin yatsu biyu da santsi, ba girgiɗi, ba tsauri. Da wuya a dace a karon farko, domin ɗaure notin kulle yakan ɗan ƙara matse kon. A sake, sau uku ko huɗu in ta kama. Kon da aka matse fiye da kima yana kashe hob da sauri fiye da wanda aka bari da ɗan wasa, kuma ɓarnarsa a ɓoye take. Ga kekunan da ake ɗaure ƙafarsu da ɗan hannun nan da ake lanƙwasawa maimakon noti, a bar wasa ƙanƙani ƙwarai, domin rufe hannun yana matse aksul ya cinye wasan. Wasu kekunan gwanjo kuma boris ɗinsu rufaffe ne mai lamba a jikinsa, irin 6000 ko 6001. Shi ba a saita shi, in ya ci sai a fitar da shi a sa mai lamba ɗaya.

Wani dattijo zai ce Raleigh ɗin mahaifinsa ya yi shekara ashirin ba a buɗe hob ɗinsa ba, ɗan baƙin mai kawai ake ɗiga masa. Akwai gaskiya a maganar. Tsofaffin kekunan Ingila da yawa suna da ƙaramar kafa a tsakiyar hob wadda aka yi ta don ɗiga mai, kuma mai shi yana ɗigawa a kai a kai, man na fita da datti ta gefe. Amma wannan ma ai kulawa ce, ta kowane mako ma, kuma mai ne mai tsabta. Baƙin man da aka juye daga injin babur ko janareto cike yake da garin ƙarfe da toka, ga shi tsinkakke, ruwan fadama na wanke shi a tsallakawa ɗaya. A keke mai faifai kuma haɗarinsa ya ninka, domin man da ya tsiyayo daga gefen hagu na hob kai tsaye kan faifai yake sauka, daga nan ya shiga takalmi. Takalmin birkin faifai yana shan mai kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwa, kuma in ya sha ya daina kamawa, sai ihu. Dabarar da ta raya keken jiya tana iya kashe birkin keken yau.

Sai hob ya tsaya cak sannan a juya ga birki. Kan birkin, wanda ke riƙe da takalma biyu kamar awartakin maƙeri, yana ɗaure da kusoshi biyu masu son alanki lamba 5. A sassauta su har kan ya iya motsi, a matse hannun birki a riƙe, a ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, a saki hannu a juya ƙafa. Wannan dabara ta fi aiki a birki mai amfani da mai, inda takalman biyu ke motsawa tare. Yawancin kekunan da ke hannun jama'a kuwa masu waya ne, kuma a cikinsu takalmi ɗaya ne ke motsi, na wajen. Na cikin a tsaye yake, ana matso da shi da wani maɓalli ko kusa ta ɓangaren wayoyin ƙafa. A nan ido ne ke aiki. A ajiye farar takarda a ƙasa, a leƙa ta saman kan birkin, a ga siririn haske a kowane gefen faifai. A matso da takalmin ciki kusa da faifai iyakar yadda ba zai taɓa ba, sannan a daidaita na waje da waya. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan waya kaɗai duk lokacin da birki ya yi sanyi, a manta da takalmin ciki, har faifai ya riƙa lanƙwasawa yana bin sa kafin birki ya kama. Mai birkin mai kuma ya kiyaye abu biyu: kada a matse hannu alhali ƙafa tana waje, kuma kada a zuba masa man birkin mota in irin na kamfanin Shimano ne, domin nasa man daban ne, na motar yana lalata robobinsa.

Faifai abu ne siriri. Na Shimano sabo kaurinsa milimita 1.8 ne, kuma an rubuta a jikinsa cewa in ya sauka zuwa 1.5 a sauya shi. Jingina keke cikin cunkoson kasuwar kifi, ko kwantar da shi a kwale-kwale, ko ɗora shi kan buhuna a bayan mota, ya isa ya lanƙwasa shi. A juya ƙafa a hankali, a gano inda yake taɓawa, a yi alama, a juyo wurin waje da kan birki, a kama shi da tsabtatacciyar sifanar da ake buɗewa da rufewa, a tanƙwara kaɗan zuwa ɗaya gefen. Kaɗan ɗin nan shi ne aikin; da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma guduma ba ta da gurbi a nan. A ƙarshe a goge faifan da sifirit, ba da kananzir ko fetur ba. Takalmin da abin da ya rage a jikinsa bai kai milimita 1 ba ya gama aiki, kuma laka tana cinye shi da sauri fiye da yadda ake zato.

Akwai masu cewa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren da zai tsorata mutum, don haka in birkin gaba ya dame ka da ƙara sai ka buɗe shi sosai ko ka cire shi, na baya ya isa. Wannan shawara tana da haɗari ta fuska biyu. Na ɗaya, lokacin tsayawar gaggawa nauyi gaba yake komawa, ƙafar baya ta yi sauƙi ta ja a ƙasa, don haka birkin gaba ne ke tsayar da keke da gaske; mai ɗauke da buhu a kariya wanda akuya ko yaro ko A Daidaita Sahu ya gitta masa a cikin gari zai buƙace shi a taku biyu. Na biyu, rufe bakin birki ba ya warkar da hob. Ƙwayoyi za su ci gaba da cin kon, daga kon su koma cin kwano, kuma kwano a jikin hob yake. In ya lalace sai an warware wayoyin ƙafa duka an ɗinka sabon hob, ko a sayi ƙafa sukutum. Kuɗin giris da ƙwaya 20 ba ya kusa da wannan.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa birkin faifai bai dace da mu ba tun farko: takalmansa iri-iri ne, ba kowane ake samu a Haɗejiya ko Malam Madori ba, wani sai an aika Kano, alhali takalmin baƙin keke yana kowace rumfa. Wannan gaskiya ce, kuma mai sayen keken gwanjo ya kamata ya cire takalmin ya nuna wa mai kayan gyara kafin ya biya kuɗi. Wanda sana'arsa dako ce a ƙauyen da ke nesa da gari, baƙin keke ya fi masa kwanciyar hankali. Amma a yi wa faifai adalci: yana tsakiyar ƙafa, sama da taɓon da rim ke nutsewa a ciki, yana kamawa a jiƙe lokacin da birkin rim ke sulɓewa, kuma ba ya cin rim. A ƙasar fadama wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sharaɗinsa ɗaya, hob mai lafiya, kuma wannan sharaɗi yana kan baƙin keke ma, sai dai shi ba ya faɗa da wuri. Lokacin buɗe hob kuwa yanayi ne ke tsara shi: sau ɗaya bayan ruwa ya janye, wajen Nuwamba, kafin dakon kaka ya yi nauyi, sau ɗaya kuma a ƙarshen bazara don fitar da ƙurar hunturu a cika sabon giris kafin damina. Duk ranar da ruwa ya rufe hob, kada a jira lokaci. A buɗe cikin makon. In ruwan ya fi tsayin aksul, a saɓa keke a kafaɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya gwada girgiɗin ƙafa biyu na kekensa ko na maƙwabcinsa, ya juya su ya saurara, ya rubuta a littafinsa irin ƙarar da ya ji da inda yake zaton ta fito. Wanda ya samu ƙafa mai girgiɗi ya zo da ita aji, tare da tsumma da murfin kwano. A kanta za mu buɗe hob na farko.